Awon bugun zuciya da kyamara ba tare da taɓa jiki ba: me motsi ke ɓatawa? Tambayoyi da amsoshi

Manhajojin da ke cewa "kalli kyamara na ɗan lokaci mu faɗa maka bugun zuciyarka" sun fara shiga wayoyin mutane a nan Damagaram, musamman ɗaliban kiwon lafiya da matasan da ba sa barin sabon abu ya wuce su. Wani ya gwada ya ga lambar ta zo daidai da wadda aka auna masa a asibiti. Wani kuma ya ga 70 yanzu, an jima kaɗan 115, alhali ko tashi bai yi daga kan tabarma ba. Tambayoyin da ke biye su ne aka fi yi, kuma yawancinsu motsi ne tushensu.

Ta yaya kyamara za ta san bugun zuciyar mutumin da ba ta taɓa ba?

Ba zuciyar take gani ba, launin fata take kallo. Duk lokacin da zuciya ta buga, sai ta turo jini cikin ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, su ɗan cika, sannan su ɗan sauka kafin bugu na gaba. Jini yana shanye haske, kuma abin da ke ba shi launin ja, wato himogulobin, yana shanye haske tsanwa sosai. Saboda haka idan jijiyoyin sun cika, hasken da ke dawowa daga goshi ko kumatu yakan ragu kaɗan, idan sun sauka ya ƙaru. Ido ba ya ganin wannan. Kyamarar waya kuwa tana ɗaukar hoto wajen 30 a daƙiƙa, kowane hoto an raba shi ja, tsanwa da shuɗi, kuma kowane launi yana da matakai daga 0 zuwa 255. Sauyin da bugu ke kawowa bai kai kashi 1 cikin 100 na hasken ba, sau da yawa ma bai cika mataki guda a ɗigo ɗaya na hoton ba. Sai manhaja ta haɗa dubban ɗigo na fatar fuska ta fitar da matsakaicinsu, sannan ɗan hawa da saukan ya bayyana. Masana na kiran dabarar rPPG a taƙaice.

Sabon abu ne?

Tushen tsoho ne. Tun a 1937 zuwa 1938 wani masani a Amurka, Alrick Hertzman, ya nuna ana iya bin kai-komon jini a yatsa da fitila da na'urar gane haske. Ƴar na'urar nan da ake maƙala wa maras lafiya a yatsa, mai jan haske a ciki, Takuo Aoyagi na Japan ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Abin da ya zo daga baya shi ne yin awon daga nesa. A 2008 Wim Verkruysse da abokan aikinsa a Kaliforniya suka nuna kyamara ta kasuwa da hasken ɗaki kawai sun isa a ga bugu a fuska, kuma launin tsanwa ne ya fi nuna shi. A 2010 Ming-Zher Poh, Daniel McDuff da Rosalind Picard na jami'ar MIT suka yi shi da kyamarar kwamfutar tafi-da-gidanka. Tun daga nan, kaso mai yawa na binciken da ake yi a fannin a kan abu ɗaya yake: yadda za a yi da mutumin da ya ƙi zama wuri guda.

To me ya sa ɗan motsi kaɗan ke rikita awon?

Domin motsi ma sauya haske yake yi, kuma nasa sauyin ya ninka na bugu nesa ba kusa ba. A ɗauki kwanon ruwa da ɗigo ke faɗawa cikinsa sau ɗaya a daƙiƙa. Idan kwanon na ajiye a ƙasa, za ka ga zoben da kowane ɗigo ke yi. Yarinya ta ɗora shi a ka ta kama hanya, ɗigon bai daina faɗawa ba, amma wa zai gane zobensa cikin tangal-tangal ɗin ruwan?

Hanyoyin da motsi ke bi suna da yawa, kuma sukan zo tare. Fuska ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, akwai tudun goshi, hanci da kwarin ido. Ka juya kai kaɗan, ɓangaren da ke fuskantar taga ya karkace, hasken da ke sauka a kansa ya ragu, hanci ya jefa inuwa a kunci. Ka matso gaba kuma, nisa ya sauya: wanda ke santimita 50 daga ƙaramar fitila, in ya matso zuwa 45, hasken fuskarsa zai ƙaru da wajen kashi 23 cikin 100. A gwada wannan da bugun da bai kai kashi 1 ba.

Sannan akwai batun gurbin da manhaja ke kallo. Takan zana akwati a goshi ko kumatu ta ce nan zan auna. Da kai ya gusa, sai gira, gashi, bakin hula ko bangon da ke bayanka su shigo cikin akwatin. Ko da manhajar na bin fuska, binta ba ya cika daidai, akwatin yakan riƙa ɗan rawa, kuma rawar tasa ma tana shiga lissafi.

Na ƙarshe shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Kyamarar waya tana gyara kanta: in ta ga wuri ya yi duhu ta buɗe, in ya yi haske ta tsuke, in launi ya karkata ta daidaita. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar hoton biki, amma ga awon bugu ɓarna ce, don kowane gyara tsalle ne a cikin lambobin da ake bi. Mutum ya ɗaga hannu ya sosa kai, farar rigarsa ta cika hoton, kyamara ta rage haske, fuska ta yi duhu na daƙiƙa biyu. Shi bai ji komai ba, manhaja kuwa ta ga girgizar ƙasa.

Ni ban motsa ba, wayar ce kawai a hannuna. Shi ma motsi ne?

Shi ma. Kyamara ba ta bambanta tafiyar fuska da tafiyar kanta. Hannun mai lafiya ma yana da ƴar rawa, balle in ya gaji da miƙewa, kuma numfashi na ɗaga kafaɗa yana sauke ta. Da dare abin ya fi muni, don allon wayar ne ke haska fuskar, kenan fitilar da kanta ke kai-komo. A jingina wayar da wani abu, ko da butar shayi ce.

Wane irin motsi ne ya fi haɗari?

Mai maimaita kansa a kan tsari. Ga dalili. Manhaja ba ta ƙirga bugu ɗaya-ɗaya kamar mai riƙe da wuyan hannu. Takan tara hotunan daƙiƙa 10 zuwa 30, ta tace, ta zubar da duk abin da ya gaza sau 40 ko ya wuce sau 240 a minti, don zuciyar ɗan Adam a tsakanin nan take. A cikin abin da ya rage, sai ta ɗauki kiɗan da ya fi ƙarfi ta ce shi ne bugun.

Idan ka yi atishawa ko ka waiwaya sau ɗaya, abu ne da ya zo ya wuce, manhaja mai kyau za ta gane ta yar da wannan yankin. Amma duba tafiyar ƙafa: baligi na yin taku 100 zuwa 120 a minti, kai na hawa yana sauka da kowane taku. Mai gudu yana kai wa 160 ko fiye. Duk waɗannan a tsakiyar gonar zuciya suke. Haka uwa mai jijjiga jariri, da almajiri mai rangaji yana karatun allo, da matar da ke daka, da wanda ke firfita da mafici yana jefa wa fuskarsa inuwa sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa. A nan manhaja ba ta rikicewa ta ce ta kasa. Kama kiɗan motsin take yi ta fito da shi a allo, lamba tsaf, ba ta rawa: 108. Mai kallo ya ga ta tsaya cak ya ce ai wannan awo ya yi kyau, alhali takun ƙafarsa aka ƙirga masa.

A ganina wannan ne ainihin abin tsoro a dabarar. Na'urar da ta ce "ban iya ba" ba ta cuci kowa ba. Wadda ta ba da lambar ƙarya da cikakken tabbaci ita ce ke sa a kwantar da hankali inda ya kamata a tashi, ko a tayar da shi a banza.

Magana, dariya, taunar goro?

Duk suna ɓatawa, ko da kai bai gusa ba, don fatar kumatu na miƙewa tana tattarewa. Goshi ya fi tsira, in dai mutum ba mai ɗaga gira ba ne. Tauna ta fi magana muni don tana da tsari, kuma saurinta bai yi nisa da na bugun mutumin da ke hutawa ba. Ma'aikaciyar lafiyar da za ta gwada wa dattijo sai ta haƙura ta ce, "Baba, a ɗan ajiye goron, a yi shiru minti ɗaya," ta kuma bari a gama gaisuwa tukuna, wanda a garin nan kan ɗauki lokaci.

An ce ba ya aiki sosai a baƙar fata. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ya kamata mu da abin ya shafa mu san yadda take. Melanin, abin da ke ba fata duhu, yana saman fata ne, jijiyoyin jini kuma suna ƙarƙashinsa. Haske zai ratsa shi ya shiga, ya taɓa jini, ya sake ratsa shi ya fito. Melanin na shanye tsanwa sosai, kenan a shiga an yi asara, a fita an yi asara. Zuciyar na bugawa yadda take bugawa a kowa, amma abin da ke isa kyamara kaɗan ne.

Inda wannan ya haɗu da motsi shi ne ƙyallin saman fata. Wani kaso na haske ba ya shiga fatar ko kaɗan, a sama yake dawowa kamar daga madubi, kuma ba ya ɗauke da labarin jini ko ƙanƙani. Wannan ƙyalli ba ya raguwa don fata ta yi duhu. Saboda haka a fuskar baƙin mutum, rabon ƙyalli a cikin abin da kyamara ke gani ya fi girma, kuma ƙyalli ne ya fi komai yawo da kai ya motsa. Motsin da manhaja za ta jure a fata mai haske yana iya kayar da ita a tamu.

Ga kuma batun waɗanda aka gwada dabarun a kansu. Yawancin tarin bidiyon da aka fara gina manhajojin da su a Turai, Amurka da Sin aka ɗauka, masu duhun fata kaɗan ne a ciki. Masu binciken da suka koma suka duba sun samu kuskure ya fi yawa a rukunin fata mafi duhu na ma'aunin Fitzpatrick, mai rukuni 6, wanda likitocin fata ke amfani da shi tun 1975. Ko na'urar yatsa ba ta kuɓuta ba: a 2020 wani bincike daga Jami'ar Mishigan ya nuna tana ɓoye ƙarancin iskar oksijin a jinin baƙaƙen marasa lafiya kusan ninki 3 fiye da na farare. Wancan batun oksijin ne, ba ƙirgar bugu ba, amma darasin ɗaya ne ga duk na'urar da ke aiki da haske ta cikin fata. Idan kamfani ya ce manhajarsa ta yi daidai da kashi kaza, tambayar farko ita ce: a fatar wa, a wane haske, yana zaune ko yana motsi?

Wannan bai ce ba ta aiki a kanmu ba. Da wadataccen haske da zama shiru tana iya yin daidai. Ratar kuskuren da aka bar mana ce ta fi ƙunci.

Zufa da man shafawa fa?

Suna ƙara ƙyallin da aka ambata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, goshi kan yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Da hunturu kuma man ne da kansa, basilin ko man kaɗanya, da kowa ke shafawa don kada fata ta tsage. A goge goshi da kumatu da tsumma kafin awo. Hoda mai kauri kuwa rufe fatar take yi, haske bai ma kai ga jinin ba.

Wane haske ya fi dacewa? Akwai bambanci tsakanin rana da fitila?

Haske mai yawa, mai laushi, wanda ba ya sauyawa, kuma daga gaba yake zuwa. Zama a zaure ko rumfa ana fuskantar ƙofa da rana ya fi komai. Rana tsaka kai tsaye tana yin ƙyalli da inuwa mai kaifi. Zama ƙarƙashin dogon yaro yana da daɗi, amma ganye na kaɗawa, ɗigon rana na yawo a fuska. Mutum bai motsa ba, hasken ya motsa, kuma ga kyamara duk ɗaya ne. Taga a bayan mutum ita ce mafi muni, don kyamara za ta daidaita kanta da hasken taga ta bar fuskar a duhu.

A cikin ɗaki a lura da fankar sama idan ƙwan fitila na samanta ko gefenta, don fukafukanta na yanka hasken. Talabijin ma na sauya launin fuska da kowane hoto. Sai kuma wutar kanta. Wutar gari a Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙyaftawa sau 100, abin da ido ba ya gani. Kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa tana ganin wannan kamar ƙyafta 10 a daƙiƙa, ya yi sauri da yawa, matatar manhaja ta zubar da shi. Amma ƙaramin injin wuta ba ya riƙe 50 daidai. Idan kaya suka yi masa nauyi ya sauka zuwa 46, ƙyaftawar ta zama 92, kuma a idon kyamara tana iya bayyana kamar sau 2 a daƙiƙa, wato 120 a minti. Lamba ce da kowa zai yarda bugun mai zazzaɓi ce. Fitilar da ke aiki da batir ko wutar sola kai tsaye yawanci ta fi tsayuwa.

Shekaru fiye da 15 ana bincike. Ba a gano maganin motsin ba?

An rage shi sosai, ba a kawar da shi ba. Dabara mafi kyau da aka samu ta dogara ne da wani bambanci: idan motsi ya sauya haske, yakan ɗaga ja, tsanwa da shuɗi kusan tare, amma bugu ya fi taɓa tsanwa, ya taɓa ja kaɗan. Saboda haka in aka gwama launukan uku aka cire abin da suka yi tarayya a kai, abin da ya rage ya fi kusa da bugun. Gerard de Haan da Vincent Jeanne a Holan suka fitar da wannan a 2013 da sunan CHROM. Alƙaluman da suka bayar suna da ban sha'awa don ba su ɓoye iyakar abin ba: ga mai tuƙa keken motsa jiki na tsaye, daidaiton awo ya tashi daga kashi 79 zuwa 98 cikin 100, amma ga mai motsi mai ƙarfi a injin taku, daga ƙasa da 11 ne zuwa sama da 48. Ci gaba ne babba, kuma duk da haka kusan rabin lokaci lambar ba daidai ba ce. A 2017 Wenjin Wang da su de Haan suka kawo wata dabarar mai suna POS, wadda har yau ake gwada sababbin dabaru da ita.

Bayan nan aka shiga koya wa kwamfuta da tarin bidiyo, kamar DeepPhys na 2018. Waɗannan suna ƙwarewa a irin yanayin da aka koya musu, su yi tuntuɓe a wanda ba su saba ba, kuma suna da wata ɗabi'a: in ba su ga komai ba, sukan karkata ga lambar da suka fi gani a lokacin koyo, wajen 70 zuwa 80. Ga mai lafiya ba za a gane ba. Ga wanda zuciyarsa ke 140 ko 45, wato wanda ya fi kowa bukatar awo na gaskiya, nan ne za ta yaudare shi.

Na ji an ce motsin kai da kansa ma ana iya auna bugu da shi.

Haka ne. Duk bugu, jinin da ke hawa ta jijiyoyin wuya yana ɗan tura kai, motsin da ido ba ya kamawa. A 2013 Guha Balakrishnan da abokansa a MIT suka ƙirga bugu daga wannan kaɗai, har daga ƙeya, ba sai an ga fata ba. Sai dai wannan hanya ta fi ta launi rauni, don duk wani motsi na ganganci ya rufe ta. Kuma ita ce ke sa wani lokaci a ga "bugu" a kan hula ko wuyan riga, inda babu jini.

Zai yi amfani ga jarirai? Nan ne ai aka fi son kada a taɓa.

Nan ne burin ya fi girma. Fatar bakwaini tana da laushi, abin da ake manna mata yana iya ji mata ciwo, kuma wayoyin na'urar awo na hana uwa rungumar ɗanta. An yi gwaje-gwaje a ɗakunan jarirai, ciki har da na wani asibiti a Okusfod ta Ingila, kuma sakamakon kusan iri ɗaya ne: jariri na barci, awo na kyau, ya farka yana wutsil-wutsil, ko ma'aikaciya ta sa hannu, ko an rage fitila, awo ya yanke.

Akwai tarko na musamman ga yara. Baligi na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ƙasa da inda matatar manhaja ke farawa, don haka ba ya shiga lissafi. Jariri kuwa yana yin 30 zuwa 60, yaron da ciwon huhu ya kama ya wuce haka, kuma kansa na motsi da kowane numfashi. Kenan numfashin ya shigo gonar bugu. Bugun sabon haihuwa yana tsakanin 100 da 160. Idan manhaja ta nuna 58 ga jaririn da ke haki, mai yiwuwa numfashinsa ta ƙirga. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi yana kakkarwa a lokacin damina, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, kada ta tsaya gwada waya. A kai shi likita.

Zan iya aika bidiyon fuskar mahaifiyata ta WhatsApp daga ƙauye a auna mata a birni?

Da wuya ya yi. Don bidiyo ya yi sauƙin tafiya, ana matse shi, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne ƙananan sauye-sauyen launi da ido ba ya gani, wato daidai abin da ake nema. Idan akwai motsi a ciki, matsewar ta fi tsanani. Daga Mirya, Magarya ko Tanut, inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, abin da zai iso ba shi da sauran bugu a ciki. Gara wanda ke kusa da ita ya ce, "Inna, kawo hannunki," ya ƙirga da agogo ya faɗi lambar ta waya.

Hijabi, rawani ko gemu suna hanawa?

Iya fatar da ke buɗe ake aunawa, kuma in ta yi kaɗan, ɗigon da za a haɗa sun ragu. Hijabin da ya bar goshi da kumatu ba matsala, sai dai bakinsa kada ya riƙa shiga yana fita. Rawani mai amawali ko niƙabi ba sa barin abin kirki. Tafin hannu yana da ƙarancin melanin, kuma ana iya ganin bugu a cikinsa, amma yawancin manhajoji fuska kawai suka iya nema, sannan lalle na rufe shi.

Wasu manhajojin har hawan jini da suga suke cewa suna aunawa daga fuska.

A yi hattara. Ƙirgar bugu ita ce mafi sauƙi a duk abin da ake nema daga wannan haske, ga shi kuma tana wahala da an motsa. Hawan jini ana ƙoƙarin cankarsa ne daga siffar kowane bugu, wadda motsi ke fara lalatawa tun kafin ya taɓa ƙirgar. Wanda ke shan maganin hawan jini ya ci gaba da awo da na'urar damtse, mai suga kuma da ɗigon jinin yatsa. Kada a rage ko a ƙara magani saboda abin da kyamara ta ce. A kuma tuna bidiyon fuska ne ake bai wa manhajar, wasu kuma aika shi suke yi waje.

In dai zan gwada, yaya zan yi in samu lamba mafi kusa da gaskiya?

Zauna ka huta minti 5 tukuna, musamman in daga rana ka shigo ko ka sauko daga kabu-kabu, don a lokacin bugun da gaske ya hau. Jingina bayanka da bango, in da hali har da ƙeya. Ajiye wayar daidai fuska, nisan kamu biyu zuwa uku, ka goge gilashin kyamarar, don ƙurar hunturu na dusashe shi. Fuskanci haske. Kada ka yi magana, kada kuma ka riƙe numfashi, don riƙewar na sauya bugun kansa.

Ba ta lokaci. A lissafi na kai tsaye, daƙiƙa 10 ba sa rarrabe lambobin da ratarsu ta gaza 6 a minti, daƙiƙa 30 kuwa suna kai wa 2. Manhajar da ta ba ka amsa cikin daƙiƙa 5 gaggawa ta yi. Maimaita sau uku. In lambobin sun yi kusa da juna, da alama bugu aka kama. Akwai kuma gwajin da nake ba kowa shawara ya yi wa sabuwar manhaja: kaɗa kai a hankali kamar mai amsa magana, sau ɗaya a daƙiƙa, ka ga me za ta ce. Mai kyau za ta ce ka tsaya. In ta fito da 60 ba tare da ko gargaɗi ba, ka san da wa kake tare.

Manhaja ta ce 110, na taɓa wuyan hannuna na ƙirga 76. Wa zan yarda da shi?

Yatsunka, in dai ka ƙirga daidai. Ɗora manuniya da ɗan tsakiya a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ba babban yatsan za ka ɗora ba, don shi ma yana da nasa bugun. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Baligin da ke hutawa yakan faɗo tsakanin 60 da 100. In ka ji bugun ba ya tafiya a kan tsari, yana tsallake ko yana ruɗewa, ƙirga minti cikakke kuma ka faɗa wa likita, don irin wannan ruɗewar ce manhaja ke shafewa idan ta fitar da matsakaici. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, jiri, suma ko sarƙewar numfashi, a bar ƙirgar gaba ɗaya a nufi asibiti mafi kusa, a can za a sa na'urar da ke bin wutar zuciyar kanta ta wayoyin da ake mannawa a ƙirji.